Mai Haƙorin Kyarkeci, Mai Biyan Bashin Wani

Wani dare cikin watan Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan, sai muka ji ihu daga gidan maƙwabcinmu a unguwar Jambutu da ke Jimeta: "Igiya! Igiya!" Da dare ba a kiran sunan maciji, kowa ya san wannan. Kafin in iso da tocila yara sun gama da shi. Ɗan siriri ne mai duhu da sheƙi, bai fi kamu ɗaya ba, kansa a baje kamar an danna shi da yatsa, ga wasu zane-zane masu haske a gadon bayansa waɗanda ba su zagaye jikin ba. Mai gidan, dattijo ne, ya ce ɗan kumurci ne, uwar tana nan kusa. Wani matashi ya rantse gobe-da-nisa ce. Na ce, "Baba, a ba ni tsinke in duba bakinsa." Da na buɗe, sai ga dogayen haƙora a gaba, sama da ƙasa, sun lanƙwasa zuwa maƙogwaro. Dattijo ya ce, "To, ka gani da idonka, wannan ai dafi ne zalla." Daga nan gardamarmu ta tashi, kuma har yau in mun haɗu bayan sallar Magariba sai ya tayar da ita.

Waɗannan haƙora su suka sa masana suka laƙaba wa danginsa suna Lycophidion, wato macijin kyarkeci. Wanda ya fi yawa a dazukan ciyawa na Afirka ta Yamma shi ne Lycophidion semicinctum, da aka rubuta siffarsa tun 1854, kuma kamanninsa sun zo daidai da namu na Jambutu. Ba shi da dafi ko ɗigo. Haƙoran na riƙe abinci ne, abincin kuwa kulɓa ce da 'yan uwanta ƙananan ƙadangaru. Duk yaron da ya taɓa ƙoƙarin cafke kulɓa ya san santsinta, ga kuma ɓawon jikinta mai tauri. Macijin yakan fito da dare ya same ta tana barci a ƙarƙashin dutse ko tarin itace, ya kafa mata haƙora, ya nannaɗe ta har ta daina motsi. Tun muna yara ake tsorata mu cewa kulɓa na da dafi. Ita ma ƙazafi aka yi mata. Abin yakan ba ni dariya: mai ci da wadda ake ci, duka biyun an ɗora musu laifin da ba su san hawa ba balle sauka.

Hujjar Baba ba ta wasa ba ce. Ya ce a ƙuruciyarsa irin wannan ɗan baƙin ya sari wani ɗan uwansu a yatsa, hannu ya kumbura har kafaɗa, yatsan ya ruɓe. Na yarda an yi haka, amma ina da yaƙinin ba wannan ba ne. Akwai wani ɗan baƙi mai sheƙi da ke zama cikin ƙasa, masana na kiransa Atractaspis, shi ma bayan ruwan sama yake fitowa. Idanunsa ƙanana ne ƙwarai, ba a rarrabe kansa da wuyansa, wutsiyarsa gajeriya ce mai tsini kamar ƙaya. Shi ba ya buɗe baki ya yi sara. Haƙori ɗaya yake zarowa ta gefen baki ya soka, don haka ko an riƙe shi a wuya yadda gardawa ke yi, sai ya sami yatsa. Kama da wane ba ta wane. Sai dai da dare, da tocilar waya, wa zai tsaya auna wutsiya? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma a kwarin Binuwai inda kububuwa ke hallaka manoma duk shekara, ba na ganin laifin mai gudu.

Inda na fi tsayawa da Baba shi ne batun magani. Ya ce ya sha ganin an sari mutum, an shafa masa garin saiwa, gari ya waye yana gona. Ni kuwa ina zargin cewa macizai irin na Jambutu su ne suka gina wa masu maganin sara da yawa suna. Mara dafi ya ciji mutum, aka ba shi jiƙo, ya warke, alhali ko ruwan randa aka ba shi zai warke. Ranar da kububuwa ta yi nata, sai a zauna jiran jiƙo har jini ya fara fita ta dasashi, sannan a nemi motar Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake a Jihar Gombe. Baba ya ce ni ɗan boko ne. Na ce, "Allah ya ja kwana, ni dai jikokinka nake ji."

Abin da ya ƙara mini son wannan dangi shi ne har yanzu ba a gama ƙirga su ba. A 2021 Jean-François Trape, likita Bafaranshe da ya daɗe yana aiki a Senegal, ya bayyana sababbin nau'i biyu, ɗaya ma sunan Chadi ya ci, Lycophidion tchadensis. Shi ne kuma a 2018 ya ware kububuwar wannan yanki namu da Kamaru da Chadi a matsayin nau'i mai zaman kansa, Echis romani.  Aikin na haƙuri ne: a ƙirga ɓawon ciki ɗaya bayan ɗaya, da na ƙarƙashin wutsiya, da layukan da suka zagaye jiki, a duba tsarin ɓawon kai, a gwada ƙwayoyin gado, sannan a ajiye gawa ɗaya a gidan adana don duk mai musu ya je ya gani. Trape ya tara dubban macizai ne ta hanyar barin mazubi da ruwan adana gawa a ƙauyuka, manoma suna jefa abin da suka kashe.

Mukan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba idan aiki bai kammala ba. Wajen mai bincike kuwa, kan shi ne rabin shaidar. Namu na Jambutu, kafin in dawo da kwalba, wani yaro ya rotse kan da bulo ya jefa a kwata. Tsakanin tafkin Gerio da duwatsun Bagale akwai ramuka da tarin duwatsu da na so a ce wani ya bi su dare bayan dare yana dubawa.

Don haka, mutanen Yola da Jimeta, in kun ga ɗan baƙin maciji kada ku sa masa hannu, kowane iri ne. In akwai hali ku ture shi waje da doguwar sanda. In kuwa an riga an kashe shi, ku ɗauki hotonsa ciki da baya, ku bar kan yadda yake, ku nuna wa masu nazarin dabbobi a Jami'ar Modibbo Adama. Wanda aka sara kuma, a wuce da shi asibiti a daren.