Namun Dajin Ƙasar Rano da Kibiya: Siffofinsu, Mazauninsu da Halayensu

Gabatarwa

Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya, ƙasa ce ta duwatsu da fadamu da sarari mai ciyawa. Wannan yanayi shi ya raba wa namun daji mazauni, domin kowace dabba Allah ya yi mata halittar da ta dace da inda take neman abinci da mafaka. Za a kawo su a nan gwargwadon mazauninsu.

Mazauna Dutse

A duwatsu irin na Rano da Rurum da Kibiya, rema ita ce 'yar gida. Girmanta bai wuce na babban zomo ba, nauyinta kilo 2 zuwa 5, tana da gajerun kunnuwa, kuma ba a ganin wutsiyarta. Tafin ƙafarta taushi gare shi da danshi, shi ya sa take hawan sulɓin dutse ba ta zamewa. Da hantsi remaye kan fito shan rana, ɗaya na tsaye yana gadi. Da ya hango gaggafa sai ya yi kuwwa, kowa ya faɗa kogo. Masana sun tabbatar cewa rema ta fi kusa da giwa a dangantaka fiye da zomo ko gafiya, kuma cikinta kan kai wata 7 zuwa 8.

Beguwa ma takan fake a kogo ko rami, sai dare take fita tonon rogo da dankali da saiwoyi. Zancen da ake yi cewa tana harba kibiyoyinta daga nesa ba haka ba ne. Abin da take yi shi ne ta tayar da su, ta karkaɗa wutsiya, sannan ta afka wa maƙiyi da baya, sai kibiyar ta cire ta maƙale a jikinsa.

Mazauna Sarari

Jan biri ya fi son ƙasa a kan bishiya. Dogayen ƙafafu gare shi, gudunsa kan kai kilomita 55 a awa, babu birin da ya kai shi. Garkensu yawanci namiji babba ɗaya ne da mata da 'ya'ya, kuma manoman gyaɗa da dawa sun san ɓarnarsu. Zomo ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake kwanciya, kariyarsa ji da gudu. Shi ya sa ake cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Masu Yawon Dare

Kura tana da ƙafafun gaba da suka fi na baya tsawo, da muƙamuƙin da ke farfasa ƙashi, har kashinta kan yi fari in ya bushe. Mace ta fi namiji girma, ita ce kuma ke shugabancin garke. Ko da yake tatsuniya ta mai da ita matsoraciya mai kwaɗayi, kura mafarauciya ce ta sosai, kuma cin mushen da take yi tsabtace daji ne. Dabgi kuwa da dogon baki da harshe mai yauƙi yake cin gara da tururuwa, bayan ya fasa suri da faratansa. Ramukan da ya bari su ne gadu da beguwa kan gada.

Kammalawa

Tun daga gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, noma ya faɗaɗa ƙwarai a wannan yanki. Sarar itace da ƙonen daji da farautar rani sun sa manyan namun daji sun yi ƙaranci, suka ja kudu wajen dajin Falgore da ke Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Yaro da yawa a yau ya san gwanki da mazo a karin magana kawai. Ya kamata malamai su riƙa kai ɗalibai gindin dutse su ga sawu da rami da idonsu, su kuma rubuta abin da tsofaffin maharba suka sani tun suna raye.