Amsoshin Takardunku: Tafiyar Wata Guda Zuwa Gana Da Guzuri Kaɗan

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani saurayi manomi, mai ɗan taɓa sayar da goro ran kasuwa, daga ƙasar Bichi ta Jihar Kano. Ga abin da yake cewa a taƙaice: kakansa ya yi fataucin Gwanja, shi kuma tun yana yaro yake jin labarin Kumasi da Salaga a bakin tsofaffi. Bana Allah ya ba shi amfanin gona, yana so ya saɓa jakarsa a baya, shi kaɗai, ya je ya yi wata guda ya gano wa idonsa. Sai dai guzurinsa ba yawa. Yana tambaya, ta ina zai fara?

To Malam, mun gode da wannan takarda, kuma niyyarka mai kyau ce, don an ce tafiya mabuɗin ilimi. Amsar a dunƙule ita ce, ka fara shiri daga ranar dawowarka. Wato kafin ka lissafa abin da zai kai ka, lissafa abin da zai komo da kai gida. Yawancin waɗanda ke maƙalewa a ƙasar wani da kuɗinsu suka tafi, kuɗin komawa ne suka haɗa da na abinci suka cinye. Bari mu bi abin daki-daki.

Abu na farko, gida. Kada ka taɓa hatsin da iyali za su ci har damina don yawon buɗe ido. Rarar da ta saura ita ce guzurinka, kuma ka tuna da kaka hatsi ba ya daraja, saboda haka in da hali ka sayar kaɗan-kaɗan. Ka nemi yardar iyaye, ka faɗa wa wani babba bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Lokacin da ya fi dacewa da manomi shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu: an gama girbi, ruwa ya ɗauke a can kudancin Gana inda ake damina biyu a shekara, kuma za ka dawo da sauran lokaci kafin sharar gona.

Abu na biyu, takardu. Nijeriya da Binin da Togo da Gana duk suna cikin ƙungiyar Ekowas, kuma bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1979, ɗan ɗayansu yana iya shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma fa rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Sai ka riƙe fasfo, ko takardar tafiya ta Ekowas, waɗanda hukumar shige da fice ke bayarwa, kuma sai kana da lambar katin ɗan ƙasa za a yi maka. Ka je ofishinsu da kanka, ka bar 'yan kan-ta-waye da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai kuma katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafin cutar shawara, wanda ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, kamar na filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada ka bari sai jajibirin tafiya. Tun daga 2016 allura ɗaya ta isar wa mutum har iyakar rayuwarsa. Kada ka yarda a sayar maka da katin ba tare da an yi maka allurar ba, jikinka za ka cuta. Ka yi hoton kowace takarda kofi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a ƙasan jakarka.

Abu na uku, hanya. Su kakanka ta arewa suka bi da jakuna, ayari guda ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su faɗa Yandi, sannan Salaga, tafiyar watanni. Kai wannan hanya ba taka ba ce a yanzu. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an sha rufe iyakoki a wannan yanki, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga Ekowas a watan Janairun 2025, ga kuma rashin tsaro a hanyoyin Burkina Faso. Mutum ɗaya tilo ba ya jarraba wannan. Hanyar bakin teku za ka bi.

Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, kwana guda cur a mota ko fiye. Daga Legas za ka tsallaka iyaka uku: Seme tsakaninmu da Binin, ka wuce Kwatano; sai Hilakonji tsakanin Binin da Togo, ka shiga Lome; sai Aflawo, wadda ke manne da birnin Lome, ita ce ƙofar Gana. Daga nan sai Ankara, babban birnin ƙasar, wanda a takarda za ka ga an rubuta Accra. A kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga, shida ke nan a zuwa. Ka buɗe fasfonka ka tabbata an buga kafin ka bar wurin, domin wanda ba shi da hatimin shiga, ranar fita zai sha tambaya.

Tafiyar iri biyu ce. Akwai manyan motoci da ke tashi daga Legas kai tsaye har Ankara. Sun fi tsada, amma ma'aikatansu ne ke tattara fasfo su kai a buga, kai kana zaune. Akwai kuma bin ƙananan motoci guntu-guntu, daga iyaka zuwa iyaka. A ido wannan ya fi araha, sai dai matafiya sun daɗe suna kuka da 'yan kuɗaɗen da ake karɓa a shingaye, musamman daga mai sabon fasfo. Shawarata, tunda wannan ne fitarka ta farko, ka shiga babbar mota a zuwa, ka zuba ido ka ga yadda ake yi. In ka ga za ka iya, a dawowa sai ka bi guntu-guntu, har ka kwana a unguwar Zango ta Kwatano. Kuma ka sani agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya, kada ka ce mota ta yi latti.

Abu na huɗu, rabon kwanakin. Ga yadda zan raba maka su talatin ɗin. Kwana 2 daga Kano zuwa Legas har da hutu. Kwana 2 daga Legas zuwa Ankara. Kwana 6 a Ankara, ka zaga Nima da Sabon Zango da Madina, ka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021, ka ga teku. Kwana 7 a Kumasi, wadda ke da nisan wajen kilomita 250 daga Ankara, ka shiga kasuwar Kejetiya, ka zauna da 'yan goro a zango ka ga yadda ake tsinta da ɗauri. Kwana 5 na Tamale da Salaga. Kwana 5 na komowa. Sauran kwana 3 kada ka sa musu komai, na ɓacin mota ne da zazzaɓi. Ka lura garuruwa kaɗan na zaɓar maka. Motsi shi ke cin kuɗi. Wanda ya zauna mako guda a gari ɗaya ya san inda abinci ke da araha, ya kuma yi abokai.

Game da Salaga, kada ka je da tsammanin za ka tarar da kasuwar da tsofaffi ke ba da labari. Yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892 ya watsa fatake, wasu suka koma Kete Karaci, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har ya rasu a 1934. Yau Salaga ƙaramin gari ne, amma tsofaffin rijiyoyinta na nan, kuma za ka samu masu jin Hausa da za su nuna maka.

Abu na biyar, kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ka je tasha ka tambayi kuɗin mota na wannan makon, kada ka dogara da abin da wani ya biya bara, don tun da aka saki farashin naira a 2023 lissafi ke canzawa. Ka haɗa kuɗin motar da zai ɗauko ka daga Salaga har ƙofar gidanku, ka ƙara rabinsa a kai, ka ware shi daban, ka ɗinke a lalita a jikinka. Wannan kuɗi ka ɗauka ba naka ba ne. Sai ka cire kuɗin zuwa da na motocin cikin ƙasa. Abin da ya rage ka raba shi da yawan kwanakin. A ce, misali kawai, ya rage maka sidi 3,000 kuma za ka yi kwana 20 a Gana, to sidi 150 ke nan a rana, ci da sha da makwanci. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka kashe kowane dare. Ranar da ka zarce, gobe ka tsuke. Ranar da ka ga hannunka ya nufi lalita, to tafiya ta ƙare, ka kama hanyar gida ko da kwana goma ka yi. Ba abin kunya ba ne.

Kuɗi iri uku za ka taɓa: naira, da saifa a Binin da Togo, da sidi a Gana. Saifar Binin da Togo ita ce ta Nijar, amma ta Kamaru da Cadi daban take, ba za a karɓa ba, ka duba da kyau in za ka yi canji a Wapa. A bakin iyaka ka canza kaɗan kawai, na mota da ruwa. Ni kaina, lokacin ina malamin makaranta, na taɓa miƙa wa wani ɗan canji kuɗina a bakin wata iyaka, ya ƙirga a gabana da sauri, ya naɗe ya ba ni, mota na ta oda. Sai da muka yi nisa na warware na ga kusan kashi ɗaya cikin uku babu. Tun daga ran nan, sai na ƙirga nasa a hannuna, sannan in saki nawa.

Abu na shida, masauki da abinci. A nan ka fi Bature mai yawon duniya sa'a, don kusan kowane babban gari a Gana yana da zango, kuma Hausa ce ake yi a ciki, ko da yake za ka ji ta ɗan bambanta da ta Kano. Tun kafin ka tashi, je kasuwar goro ta Mariri ka nemi dillalin da ke hulɗa da Kumasi, ya haɗa ka da maigidansa na can, a yi magana ta waya kana tsaye. In ka isa, a kai ka ka gai da Sarkin Zango ko limamin unguwa, a san da zamanka. Ka riƙe 'yar tsaraba mara nauyi, hula ko turare. Amma kada ka zame wa mutane kaya: bayan kwana biyu ko uku ka fara sa hannu a cefane, ko ka roƙi maigidan ya nemo maka ɗaki mai araha. Kada ka shimfiɗa tabarma a masallaci sai da izini. Abinci kuwa ba za ka yi baƙunta ba. Da safe akwai koko da ƙosai, da rana akwai wace, wato shinkafa da wake, da dare akwai tuwon zafi, sunayen ma daga bakinmu suka samo asali. Ka ci inda 'yan gari ke layi, ka sha ruwan leda ko na gora.

Abu na bakwai, jaka. Ta goyo guda ɗaya ta isa, wadda za ka iya ɗora wa cinyarka a mota. Kaya kala uku, takalmi mai ƙwari, gidan sauro, 'yar darduma, buta, tocila, cajar waya, sabulu, da maganin da ka saba sha a cikin kwalinsa. Lambobin wayar gida da na maigidanka da adireshin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Ankara, rubuta su a takarda, don waya tana ɓata. Ka yanka wa mutanen gida rana biyu a mako da za su ji muryarka.

Daga ƙarshe, gargaɗi uku. Na ɗaya, kada ka karɓi saƙon kowa a tasha ko a iyaka, komai ƙanƙantarsa, komai furfurar mai ba ka. In aka buɗe aka ga ƙwaya, kai za a ɗaure. Na biyu, na san halin ɗan kasuwa, za ka ce bari in riƙe 'yar haja in mayar da kuɗin mota. To ka sani dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a 2019 da 2020 an rufe shagunan 'yan Nijeriya da dama a Kumasi da Ankara a kan wannan batu. Kai baƙo ne mai ziyara. Ka kalla, ka tambayi farashi, ka ƙulla zumunci, ciniki ya biyo baya ta hanyar da ta dace. Na uku, duk wanda ya tare ka da zancen aiki mai albashi mai tsoka amma sai ka fara biyan kuɗin rajista, ko ya ce ka ba shi fasfonka ya ajiye maka, ka yi masa sallama ka wuce.

To Malam, da fatan mun gamsar da kai. In Allah ya dawo da kai lafiya, ka rubuto mana abin da ka gani da abin da ka kashe, don na baya su amfana. Allah ya kiyaye hanya. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da takardu, a riƙa rubuta suna da gari yadda za su karantu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.