YADDA A KE ZAMA MATUƘIN JIRGI MAI SAUKAR UNGULU A AIKIN SOJA

Duk wanda ya saba yini a kasuwar Alaba Rago da ke Ojo a Ikko ya san ƙarar nan da kan taso daga wajen barikin mayaƙan ruwa, har ta sa dabbobi su ɗaga kai, yara kuma su yar da abin da ke hannunsu su bi sama da kallo. Jirgin sama ne mai saukar ungulu, wanda wasu ke kira helikwafta. Haka a ke ganinsa a Fatakwal da Inugu, inda mayaƙan sama su ke da sansani. Sau da yawa idan ya wuce sai ka ji yaro ya tambayi ubansa, "Baba, wa ke tuƙa wannan?" Uban kuwa sai ya ce, "Soja ne," maganar ta tsaya nan.

To, jama'a, sojan nan ɗan wani ne, kuma akwai hanyar da ya bi. Hanyar tana da tsawo, tana da wuya, amma a buɗe ta ke ga ɗan kowa, har da ɗan mai sayar da goro a Agege, da ɗan mahauci a Sabon Badun, da ɗan mai gadi a Anacha. Abin da kan hana yaranmu na nan Kudu shiga shi ne rashin sanin matakan tun da wuri, sai lokaci ya ƙure a zo ana da na sani. Don haka ga bayanin hanyar daki-daki.

Tushe tun daga sakandare

Matuƙin jirgin soja hafsa ne. Watau ba a ɗaukar kurtu a ba shi jirgi. Babbar ƙofar zama hafsa kuwa ita ce Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda a ke kira NDA, da aka buɗe a 1964, shekarar da aka kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya. Tun 1985 makarantar ta koma ba da digiri, saboda haka mai son shiga sai ya cika sharuɗɗa irin na shiga jami'a, sa'an nan a ɗora masa na soja a kai.

Ana bukatar yaro ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, kuma lalle a ciki akwai Turanci da Lissafi. Wanda ya ke da burin tuƙin jirgi ya kamata ya riƙe darussan kimiyya, musamman Fiziks, domin duk karatun tashin jirgi a kansa ya ke. Turanci kuwa shi ne harshen da matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgi ta rediyo, kuma kuskuren kalma ɗaya a can yana iya jawo asarar rai.

A nan iyaye su ke da babban aiki. Mun sani yaro a Sabo yana da amfani a rumfa, yana tsare kaya, yana kai saƙo, yana karɓar kuɗi. Amma yaron da a ke cirewa daga aji duk ranar da mota ta sauke kaya ba zai ci Lissafi ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaranmu na nan suna ma da wata dama da 'yan'uwansu na ƙauye ba su da ita, domin sun tashi suna jin Turanci a titi da makaranta, ga Yarabanci ko Ibo a bakinsu, sun kuma saba zama da kowace ƙabila, wanda shi ne zaman bariki.

Takardar asali

Ga wani abu da ya shafe mu mazauna Kudu fiye da kowa. Ana raba guraben shiga makarantar hafsoshi ne jiha-jiha, kuma ana neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar da yaro ya fito. Yaron da aka haifa a Idi-Araba, ya yi karatu a Ikko, amma ubansa mutumin Daura ne ko Haɗeja, a can za a nemi takardarsa. Kada a bari sai sanarwa ta fito sa'an nan a fara neman kuɗin mota. A kai yaro gida tun yana sakandare, mai unguwa da dagaci da hakimi su san shi, a karɓi takardar a ajiye. Zuwa da kai ya fi aike.

A kuma duba cewa suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a kan takardun duka. Idan takardar haihuwa ta ce Muhammadu, ta makaranta ta ce Mamman, ta ƙaramar hukuma ta ɗauki sunan kaka a maimakon na uba, wannan kaɗai ya isa ya tsai da yaro a gaban masu tantancewa.

Jarrabawa da awon lafiya

Makarantar ta kan fitar da sanarwa sau ɗaya a shekara, a jaridu da shafinta na intanet, ta faɗi iyakar shekarun haihuwa da tsawon jiki da sauran sharuɗɗa. Samari ne masu tasowa a ke ɗauka, waɗanda ba su daɗe da gama sakandare ba, kuma ba su yi aure ba. Uban da ke shirin yi wa ɗansa aure da wuri sai ya lura da wannan. Yaro zai zauna jarrabawar JAMB ya zaɓi NDA a matsayin zaɓinsa na farko, sa'an nan ya zauna jarrabawar makarantar ita kanta. Waɗanda suka ci a kira su gaban Hukumar Zaɓe ta Mayaƙa, inda za a yi musu gudu da motsa jiki, da awon likita, da tambayoyi baki da baki.

Awon likita na mai son tashi sama ya fi na kowa tsanani. A kan duba ido, a ga ko yana gani nesa da kusa, a kuma gwada ko yana bambance launi. Dalili kuwa shi ne fitilun jirgi da na fili da na allon gaban matuƙi da launi su ke magana. Kowane jirgi yana da jar fitila a hagu da koriya a dama, kuma da su matuƙi ke gane inda wani jirgi ya dosa cikin dare. A kan duba kunne, domin a cikinsa ma'aunin daidaiton jiki ya ke. A kan auna zuciya da hawan jini da huhu, a kuma gwada jini da fitsari don gano mai shaye-shaye. Saurayin da ya fara kurɓar maganin tari ko haɗiyar ƙwaya a tasha ya rufe wa kansa wannan ƙofa da hannunsa.

A yi hattara da 'yan damfara. Duk shekara idan lokacin ɗauka ya zo, sai wasu su ɓullo a unguwanninmu suna cewa sun san wani babban hafsa, a kawo kuɗi su sa sunan yaro. Ba a sayar da gurbi. Wanda ya ba da kuɗinsa ya yi asara, idan kuma aka kama yaro da takardar jabu korarsa za a yi ko da ya shekara uku a ciki.

Zaman Kaduna da hawan farko

Kwas ɗin yana cin shekara biyar, huɗu na karatun digiri haɗe da fareti da horon daji, ta biyar kuma ta horon soja zalla. Gwamnati ce ke ɗaukar ci da sha da tufafi da makwanci. Wanda ya riga ya gama jami'a yana da wata ƙofa ta gajeren kwas na zama hafsa, amma galibin matuƙa ta dogon kwas su ke fitowa.

Shiga sashen mayaƙan sama ba shi ne zama matuƙi ba. Daga cikin ɗaliban a ke sake tacewa, a yi musu gwajin saurin fahimta da haɗin ido da hannu da ƙafa. Wasu su zama injiniyoyi, wasu masu kula da zirga-zirgar jirage, wasu masu kula da makamai, kuma duk aiki ne mai daraja, domin jirgi ba ya tashi sai da su.

Waɗanda aka zaɓa su kan fara da karatun ƙasa: yadda iska ke ɗaukar jirgi, da aikin inji, da karatun taswira, da ilmin yanayi, da dokokin sararin sama. Daga nan sai Makarantar Koyon Tuƙi ta 401 da ke Kaduna, inda a ke fara hawa ƙananan jirage masu fukafuki, irin su Super Mushshak ƙirar Pakistan. Malami na gefe, ɗalibi na riƙe da sanda, har ranar da malamin zai sauka ya ce masa ya tashi shi kaɗai, ya kewayo fili ya sauka. Bayan wannan mataki a ke rarraba su. Masu jiragen yaƙi su nufi Kano, masu saukar ungulu kuwa su nufi Inugu, inda rundunar ke da makarantar helikwafta, ko a tura su ƙasashen waje kamar Afirka ta Kudu da Amurka da Ingila.

Hannu biyu, ƙafa biyu

Me ya sa a ke cewa tuƙin mai saukar ungulu ya fi wuya? Jirgi mai fukafuki sai ya sheƙa da gudu kafin iska ta ɗauke shi. Shi kuwa wannan fukafukansa ne ke juyawa a bisa kansa kamar fanka, shi ya sa ya ke tashi tsaye, ya sauka tsaye, ya tsaya cik a sama, har ya ja da baya.

Matuƙi yana da abubuwa uku da zai sarrafa lokaci guda. A hannun hagu akwai wata sanda da a ke ja sama ko a danna ƙasa, ita ke sa jirgi ya hau ko ya sauka. A hannun dama akwai sandar da ke tsakanin gwiwoyinsa, ita ke karkata babbar fankar gaba ko baya ko gefe, jirgi ya bi inda ta karkata. A ƙafafunsa kuma akwai matakai biyu da ke sarrafa ƙaramar fankar wutsiya. Ba don wannan ƙarama ba, da jikin jirgin ya riƙa juyawa kishiyar babbar fankar. Da ka taɓa ɗaya sai sauran biyun su nemi gyara. Saboda haka darasin da ya fi gumi shi ne tsayawa wuri guda a sama, kamu kaɗan daga ƙasa, ba tare da jirgi ya yi tangaɗi ba.

Ana kuma koya wa ɗalibi abin da zai yi idan inji ya mutu a sama. Zai danna sandar hagu ƙasa nan take, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya fankar, ya lallaɓo da jirgin, sa'an nan dab da ƙasa ya ja sandar ya sauka a hankali. A kan maimaita wannan har hannu ya saba. Sai tashin dare, da tashi cikin hazo da ƙura inda matuƙi ba ya ganin ƙasa sai dogaro da agogunan gabansa, abin da duk wanda ya san hunturun Arewa zai gane amfaninsa.

Wanda ya haye duk waɗannan a ke maƙala wa alamar fukafuki a ƙirji. Bayan haka zai koyi jirgin da zai yi aiki da shi, ko Mi-35 ƙirar Rasha, ko Agusta 109 ƙirar Italiya, ko T-129 ƙirar Turkiyya da aka fara kawowa a 2023. Zai daɗe yana mataimaki kafin a ba shi jirgi. Mayaƙan ruwa su ma suna da nasu jiragen a Ojo, mayaƙan ƙasa kuma sun karɓi nasu a 2024.

Waɗanda suka bi hanyar

Sadiq Abubakar, mutumin Azare ta Jihar Bauchi, ya shiga rundunar a 1979, ya zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu, har ya kai ga shugabancin mayaƙan sama daga 2015 zuwa 2021. Ƙofar kuma ba ta maza kaɗai ba ce, domin tun 2011 makarantar hafsoshi ta fara ɗaukar mata a dogon kwas. Tolulope Arotile, 'yar asalin Jihar Kogi wadda ta yi karatu a Kaduna, ta shiga a 2012, ta yi horon tuƙi a Afirka ta Kudu, aka maƙala mata fukafuki a watan Oktoba na 2019, ta zama mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi a Nijeriya. Ta rasu a watan Yuli na 2020 a wani haɗarin mota a sansanin Kaduna.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Kada uba ya tura ɗansa don kwaɗayin kaki kawai. Aikin yana da haɗari. A watan Disamba na 2012 jirgin mayaƙan ruwa ya faɗi a Jihar Bayelsa, Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi da matuƙan biyu na cikin waɗanda suka rasu. A watan Janairu na 2019 wani Mi-35 ya faɗi a Damasak ta Jihar Borno yana tallafa wa sojojin ƙasa, mutum biyar da ke ciki suka rasu. Matuƙi ba ya zaɓen inda za a tura shi, kuma sau da yawa Salla kan same shi nesa da iyali.

Amma shi ne mai ɗauko sojan da aka raunata daga daji, mai kai abinci inda hanya ta yanke, mai ceton waɗanda ambaliya ta rutsa da su. Galibin wannan aiki a yau a garuruwanmu na Arewa a ke yinsa, inda iyayenmu da danginmu su ke.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Sabo-Sabo, da shugabannin kasuwa, da malaman Islamiyya, su riƙa sanar da jama'a duk lokacin da sanarwar ta fito, su kuma taimaka wa yaro mai ƙoƙari da kuɗin jarrabawa da na mota. Kai kuma saurayi, riƙe Lissafinka, tsare lafiyarka, nemi takardunka tun yanzu. Allah ya ba mai rabo sa'a.