Agogon da ke tada pampo: yadda za ka zaɓe shi

Maganar wannan karo ta shafi waɗanda kuran ɗin NIGELEC ya kai bakin rijiyarsu, har sunka ajiye guga da igiya sunka sa pampo mai moter. Da yawa cikinku suna tambaya a kan agogon nan da ake saidawa a kantunan kayan wuta na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, wanda ke kunna pampo ya kuma kashe shi da kansa a lokacin da anka tsara masa. Masu kanti suna ce masa orloj, wasu su ce porgiramatar. Mu nan za mu kira shi agogon pampo. Ban da manyan fadamu irin na Jiratawa, inda ONAHA da koperatif ke kula da akwatunan wuta. Can manomi ba ya da hurumin taɓa kome. Da mai garka ta kansa nike, mai rijiya ɗaya ko ɗan foraj, da moter guda.

Agogon abu ne mai amfani. Kana kasuwa ko wurin suna, shato ya cika, ruwa ya shiga fangali tun da sanyin safiya. Amma in ka saye shi da ka, ba ka duba ba, shi ne zai ci maka moter. Kuɗɗin naɗin moter ba kaɗan ba ne, kuma kwanakin da zai yi wurin mai gyara albasarka tana tsaye ba ruwa. Albasa kuwa saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, ba ta jure ƙishirwa lokacin da take ƙunsa.

To, ga inda mutane ke ruɗuwa. Ka ɗauki agogon, ka juya bayansa, ka ga an rubuta 16 A, ko 3500 W. Ka dubi moter ɗinka mai ƙarfin doki ɗaya, wato 1 CV, wat 736 ke nan. Sai ka ce ai agogon nan zai ɗauki irinsa huɗu. Mai kanti ma haka zai ce maka, ba don mugunta ba, shi ma abin da ya karanta ke nan. Lissafin ba daidai ba ne. Lambar nan 16 A an rubuta ta ne domin kayan da ke zafi kurum, kamar dutsen guga ko risho na kuran, waɗanda abin da suke sha tun farko shi ne abin da za su sha har ƙarshe. Moter ba haka yake ba.

Ka tuna da amalanke da anka yi wa lodin buhunan gero. Wahalar jaki duk tana wurin tashi. In ƙafa ta fara juyawa, sai ja ya yi sauƙi. Moter ma wurin tashi yake shan kuran da yawa, ninki 5 ko 6 na abin da yake sha in ya kama gudu, wani lokaci fiye. Moter na 1 CV a kan bolt 220 yana shan wajen ampar 5 in yana aiki. A daƙiƙar tashi kuwa yana iya jan ampar 25 zuwa 30. Cikin agogon akwai ƴan bakunan ƙarfe biyu ƙanana, ba su fi ƙwayar dawa ba, su ne ke haɗuwa kuran ya wuce, su rabu ya tsaya. Duk wannan kuran na tashi ta kansu yake bi. Wurin kashewa kuma wata wahala ce: naɗin wayar da ke cikin moter ba ya son a yanke masa kuran farat ɗaya, sai tartsatsi ya tashi tsakanin bakunan. Yau tartsatsi, gobe tartsatsi, bakunan su yi baƙi, su ci, su fara zafi. Ƙarshenta ɗayan biyu: ko su ƙi haɗuwa, pampo ya ƙi tashi, ko su manne da juna kamar an yi musu walda. Na biyun ya fi muni, domin agogo zai nuna ya kashe alhali pampo yana ta juyawa, har rijiya ta ƙafe, moter ya ƙone, kai kana gida kana barci.

Saboda haka lambar da za ka nema wata ce daban. Masu ƙera kayan kirki sukan rubuta lamba biyu, misali 16(2) A ko 16(4) A. Ta cikin baka ita ce ta moter. In 2 ce, agogon ba ya ɗaukar moter da ya wuce ampar 2, fanka ke nan, ko abin da ya yi kama da ita. In 4 ce, ƙaramin pampo na rabin doki, wanda ke shan ampar 2,5 zuwa 3, yana iya shiga. In ba ka ga lamba ta biyu ba sam, ko a jikin agogon ko cikin takardarsa, ka ɗauka ba a yi shi domin moter ba. Ka bar shi ga fitilun shago.

Kafin ka fita gida ma, ka duƙa ka karanta ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin moter. In na cikin foraj ne, ka duba takardarsa ko akwatin da ya zo da shi. Ka kwafe abu ukku a takarda: bolt nawa, 220 ko 380, ampar nawa, inda anka sa harafin A, da ƙarfinsa, CV ko kW. Da wannan takarda za ka shiga kanti. Kada ka ce wa mai kanti "pampona ƙarami ne", ƙarami ba lamba ba ce.

Ni dai shawarata, duk moter da ya kai doki ɗaya, kada a bar agogo ya ɗauke shi kai tsaye, kome aka rubuta a bayansa. A sa kontaktar a tsakani. Kontaktar makunni ne mai manyan bakuna, an ƙera shi musamman domin jure tashin moter da tartsatsinsa. A cikinsa akwai ɗan naɗin waya da ake kira bobin. In kuran ya shiga bobin sai ya zama maganaɗisu, ya jawo bakunan su haɗu da ƙara, ƙwas. Bobin ɗin ko rabin ampar ba ya sha. Aikin agogo ya koma ba bobin wuta da ɗauke masa, shi ke nan, nauyin moter kuwa yana kan kontaktar. Da haka ko agogo mai araha sai ya daɗe. In kuwa moter ɗinka na bolt 380 ne, mai layi ukku, to babu ma zaɓi: agogo layi ɗaya yake yankewa, kuma moter mai layi ukku in ya rasa ɗaya ba ya jimawa yake ƙonewa.

Shi ma kontaktar lamba biyu gare shi. Akwai AC-1, akwai AC-3. Ta AC-3 ita ce ta moter, ita za ka gwada da ampar ɗin da ka kwafo, kuma ta fi shi, kada ta yi daidai wa daida. Mai ampar 9 a AC-3 yana ɗaukar moter mai layi ukku har 4 kW a kan bolt 380, yana kuma isar pampon doki ɗaya na bolt 220. Ka tabbata bobin ɗinsa na bolt 220 ne, domin akwai na 24 da na 380, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. A ƙarƙashinsa a ɗaura abin da masu gyaran kuran ke kira rele tarmik, mai tsaron zafi. Yana da ɗan maɓalli mai lambobi. A juya shi daidai ampar ɗin allon moter, ba sama ba. In yashi ya cushe pampo, ko kuran ya zo da rauni, abin da munka saba gani a ƙarshen layi da lokacin zafi, moter yakan ja ampar fiye da ƙima, sai rele ya yanke kafin naɗi ya ƙone. Wasu in ya cika yankewa sai su ƙara lambar don ya bar damunsu. Wannan daidai yake da korar kare don yana haushin ɓarawo. Kuma a bar shi a kan mayarwa da hannu, domin in ya yanke ya jira ka zo ka ga dalili.

Yanzu irin agogon. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai faifai, wanda ke juyawa sau ɗaya cikin awa 24, da ƴan haƙora kewaye da shi, galibi 96, kowane ɗaya minti 15. Ka danna haƙoran lokacin da kake so, shi ke nan. Ba ya son karatu, ko yaro ya gani ya gane. Aibinsa, mafi yawan masu araha da kuran suke tafiya: wuta ta ɗauke, faifai ya tsaya. In ta yi awa 4 ba ta dawo ba, agogonka ya makara da awa 4, ban ruwan ƙarfe 6 na safe ya koma ƙarfe 10, gobe in an sake ya koma tsakar rana. A ƙasarmu ba a sayen agogo ba tare da tunanin ɗaukewar wuta ba. Ka tambayi mai ajiyar tafiya, wanda a kwalinsa anka rubuta réserve de marche. Yana da ɗan batir a ciki da ke riƙe lokaci, wasu awa 100, wasu fiye. Mai aiki da gurup ma irinsa zai nema, domin maras batir yana bin gudun gurup ne, ya yi sauri ko ya yi nawa.

Na biyu shi ne mai gilashi da lambobi. Yana tsara minti ɗaɗɗaya, yana bambanta ranakun mako, kuma da batir yake zuwa. Amfaninsa yana fitowa wurin cika shato. Ka ɗauki tano mai litar 200, ka duba minti nawa pampo ke cika shi. A ce minti 4: litar 50 ke nan a minti, shaton litar 2000 zai cika cikin minti 40. Mai faifai ba ya san 40 ba, ko 30 ko 45. Ɗaya shato bai cika ba, ɗaya ruwa ya yi ta zuba, kuma kontar tana lissafi. Sai dai mai lambobi ba ya son zafi da ƙura, kuma in batir ya mutu tsarin yana iya gogewa. Ga ban ruwan fangali safe da marece, mai faifai da batir ya ishe ka. Kowane ka ɗauka, ya kasance da maɓallin hannu na kunnawa da kashewa, kuma irin wanda ake ɗaurawa cikin akwati ya fi na sokawa a piriz, wanda ƙafafunsa ke saki su yi zafi.

Abu guda kada ka manta: agogo lokaci ya sani, bai san ruwa ba. Daga watan Maris zuwa Mayu rijiyoyin fadama da na gulbi suna ja da baya. Rijiyar da ke ba ka awa guda cikin Disamba tana iya ƙafewa cikin minti 20 a Afrilu. Pampon da ke bisa ƙasa in kalafen gindin tiyo yana yoyo, ruwan cikinsa ya tsiyaye da dare, agogo zai tada shi a bushe, kuma ƴan mintoci sun isa su lalata abin da ke tare ruwa a bakin sandar moter. Na cikin foraj kuwa ruwan ne ke sanyaya shi. Don haka ka tsaya da agogon hannunka ka auna minti nawa rijiya ke yi kafin ta fara ba da iska, ka tsara ƙasa da haka, ka bar mata lokacin tsattsafowa, kuma ka sake awon kowane wata na rani. Mai hali ya sa fulotar, ɗan abin nan mai yawo bisa ruwa, ɗaya a rijiya, ɗaya a shato, a jera su kan wayar bobin tare da agogo. In ruwa ya yi ƙasa, ko shato ya cika, kontaktar ya saki ko da agogo bai ce ba. Kada kuma ka yanka lokacin gutsi-gutsi, minti 5 aiki minti 5 hutu. Kowane tashi zafi ne ga moter. Tashi biyu ko ukku masu tsawo a yini sun fi goma gajeru.

Wasu sun tambaya ko ana iya sa shi ga injin niƙa, ko na ɓarzar gyaɗa, ko na yankan kara. A'a. Injin da hannun mutum ke kusanta ba a barinsa ya tashi da kansa. Ko pampon ma, tunda yanzu yana tashi ba sallama, duk wanda zai taɓa shi ko zai shiga rijiya yasa, sai an sauke dizonktar tukuna, an kuma sa mutum ya tsaya wurin. Ka gaya wa yaranka da ƴan ƙodago da bakinka.

Haɗin kuwa aikin mai gyaran kuran ne wanda ya san moter, ba na mai sa ƙwan fitila ba. Ya tara agogo, kontaktar da rele cikin akwati mai rufi da roba a baki, irin mai lamba IP55 ko IP65, a inuwa, sama da inda ruwa ko akuya ke kaiwa. Ya sa wayar ƙasa a jikin moter, da dizonktar mai tsaron rai na 30 mA a gaban kome, domin wurin jiƙe yake kuma takalmi ba kowa ke sawa ba. In pamponka na foraj ya zo da akwatinsa mai kondansatar, kada a cire shi, kontaktar gabansa yake shiga. Kwana ukkun farko ka kasance wurin a lokacin tashi da lokacin tsayawa. Bayan mako guda ka sauke dizonktar, ka buɗe akwatin, ka shinshina. In ka ji warin roba, ko ka ga waya ta sake launi kusa da dunƙule, a kira mai gyara ya ƙara ɗaure ta kafin a mai da wuta.