Wutar da Ke Saura Bayan An Zare Soket

A Daura da garuruwan masarautarta, irin su Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu, tsohon akwatin talabijin mai ƙaton baya yana ba na bango wuri. Ɗalibi mai sha'awar kimiyya yakan so ya kwance ko wanne ya ga cikinsa, yana zaton da zarar an zare soket hatsari ya wuce. Ba haka abin yake ba.

Wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a jihar Katsina takan shiga gida da ƙarfin kusan bolt 230. Tsohon akwati mai launi yana ɗaga ƙarfin zuwa wajen bolt 25,000 domin ya haska hoto, kuma ƙwan gilashinsa yana iya riƙe wannan wuta kwanaki bayan an kashe shi. Bugu da ƙari, an zuƙe iskar cikin ƙwan, don haka in ya tsage sai ya tarwatse, gilashi ya watsu.

Sabon akwati ba shi da wannan ƙwai, amma shi ma ba kanwar lasa ba ne. A sashen da wuta ke shiga akwai kafasita, wato ma'ajiyar wuta, wadda takan cika da bolt 325 zuwa 400. Yawanci akan sa mata ɗan abin da zai zuƙe wutar bayan an kashe, to amma in ya lalace babu alamar da ido zai gani. Batirin wayar hannu kuwa, in aka huda shi ko aka lanƙwasa, yana iya kamawa da wuta.

Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, musamman ta wajen zuciya. Gumi da laimar damina suna sauƙaƙa mata hanya. Shi ya sa ƙwararren mai gyara yake auna kafasita, ya sauke wutarta, ya sa takalmin roba, ya yi aiki da hannu ɗaya. In wuta ta kama mutum, a fara kashe ta daga tushe kafin a taɓa shi.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɗalibi ya fara gwaji da ƙaramin rediyo mai batir, babban akwati kuwa sai a gaban malami ko gwani.