Harsunan lissafi na auna ƙa'idojin tsaro: abin da kowane yake iya faɗi

A fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa, ƙa'idar tsaro tsarin zance ce: wa zai fara magana, me zai ce, da wane mabuɗi zai kulle saƙonsa. Don auna ingancinta masana sun ƙirƙiro harsunan lissafi, kowane da nahawunsa, kuma abin da nahawun bai tanadar wa wuri ba, mai bincike ba zai gan shi ba. Misali guda ya isa.

A shekara ta 1978 Needham da Schroeder suka tsara wata ƙa'ida mai jigon saƙo 3, domin A da B su shaida juna daga nesa. A 1989 aka fito da mantiƙin BAN, wanda jumlolinsa duk na gaskatawa ne, kamar a ce A ya gaskata B ne ya faɗi kaza. Aka auna ƙa'idar da shi, ba a hango babban aibinta ba, domin BAN ya ɗauka duk mai shiga zancen amintacce ne.

Sai a 1995 Gavin Lowe na jami'ar Okisfod ya tono aibin, a 1996 ya tabbatar da shi da harshen CSP na Hoare. Shi CSP ba ruwansa da zuciyar mai magana. Jerin ayyuka yake bayyanawa, har da na maƙiyi irin wanda Dolev da Yao suka siffanta a 1983, mai jin kome, mai tare saƙo, mai ƙirƙirar na jabu, amma ba ya buɗe kulle sai da mabuɗi. Ga dabarar: A ya buɗe zance da wani maci amana, shi kuwa ya miƙa saƙon A ga B, har B ya zaci da A yake magana. Gyaran Lowe, abin sha'awa ga masanin harshe, shi ne ƙara sunan B cikin saƙo na 2. Shekara 17 saboda rashin suna ɗaya!

Harshen TLA+ na Lamport ya fi dacewa da na'urori masu aiki tare, inda wata take mutuwa ko saƙo ya makara. Kulle da mabuɗi kuwa sai an rubuta masa su da hannu. ProVerif na Bruno Blanchet, daga Faransa, yana auna zance ko sau nawa aka maimaita shi, sai dai wani lokaci lissafinsa ba ya ƙarewa, kuma shi ma ya ɗauka kullen kansa ba ya karyewa.