Motar Lantarki ta Alfarma a Ƙasar Yauri: Tsame Gaskiya daga Jita-jita

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, zancen motar da ba ta shan mai ya shiga tashoshin mota da majalisun matasa a ƙasar Yauri, daga Yelwa har Wara da Shanga, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin masu sha'awar motoci shi ne salun ta alfarma mai tsananin gudu, wato mota mai ƙofa huɗu wadda aka ƙera da ƙarfin motar tsere. Kamfanin Jaguar na Ingila ya ƙara rura wannan sha'awa a watan Disamba na 2024, lokacin da ya nuna samfurin Type 00 a birnin Miami na Amurka, ya kuma yi alkawarin fito da mota mai ƙofa huɗu a kan wannan tsari. Maganganun da ke yawo sun cakuɗa gaskiya da ƙarin gishiri, kuma hanyar tace su ita ce a raba abin da ya rataya a kan motar da abin da ya rataya a kan ƙasar da za a tuƙa ta.

Maganar cewa waɗannan motoci sun fi yawancin motocin mai saurin tashi gaskiya ce, domin injin lantarki yana sakin dukan ƙarfinsa tun daga tsaye, ba ya jiran a bi giya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa Tesla Model S Plaid, mai ƙarfin doki 1,020, take kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Sai dai an ƙera irin waɗannan motoci dab da ƙasa, batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru, nauyinsu kuma ya haura tan biyu, don haka rami ɗaya a hanyar Koko ko ta Kontagora yana iya taɓa sashen da ya fi kowanne tsada a jikin motar.

Batun nisan tafiya kuwa gaskiya ne mai sharaɗi. Jaguar ya ce yana nufin motarsa ta yi kilomita 770 da caji ɗaya, amma irin wannan adadi ana samo shi ne daga gwajin da Turai ke amfani da shi, wanda ake yi a ɗaki mai zafin digiri 23 ba tare da kunna na'urar sanyaya mota ba, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Yauri yakan haura digiri 40, ga na'urar sanyi tana aiki, ga kuma gudu a babbar hanya, kuma kowannensu yana zaftare wani abu daga batirin. Duk da haka masu cewa motar lantarki ba ta fita gari sun yi kuskure, tunda tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Birnin Kebbi ta Jega ba za ta gagari babban batiri ba, abin tambaya kawai shi ne inda za a yi caji idan an isa.

A nan ne jita-jitar da ta fi kowace ƙarfi take, wato cewa wanda ke zaune a bakin tafkin Kainji ba zai rasa wutar caji ba. Gaskiya ne an kammala madatsar Kainji a 1968, daga baya injinanta suka kai takwas masu ƙarfin megawat 760, kuma gaskiya ne mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, sun bar gidajensu da gonakinsu domin a tara wannan ruwa, amma wutar ba ta sauka kai tsaye a garuruwan da ke gaɓar tafkin, tana hawa manyan layukan ƙasa ne, sannan a yanko wa kamfanonin rarraba wuta kasonsu, jihar Kebbi kuma tana samun nata ta hannun kamfanin Kaduna. Abin da ya rage wa maƙwabcin madatsa sau da yawa shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Lissafi yana nuna girman matsalar: batirin Porsche Taycan, wadda ta fito a 2019, yana ɗaukar kimanin kilowat-awa 93, wato yunit 93 na mitar gida, kuma soket na ɗaki da ke ba da kilowat 3 zai buƙaci awa 31 na wuta ba yankewa, ƙaramin janareton da ke kunna fanka da talabijin kuwa sai ya kwana huɗu yana ruri. Cajin minti ashirin da ake gani a tallace-tallace yana buƙatar tasha ta musamman mai ɗaruruwan kilowat.

Akwai kuma maganganu biyu da ba su da tushe. Ta farko ita ce batirin yana mutuwa cikin shekara biyu kamar na waya, alhali manyan kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma batirin yana da ruwan sanyaya shi, ko da yake zafi da yawan cajin gaggawa suna gaggauta tsufansa. Ta biyu ita ce wutar motar tana kama mutum idan ana ruwan sama, alhali batirin a rufe yake ruf, kuma na'urar motar tana yanke wuta da zarar ta ga matsala. Haɗarin gaske shi ne kutsawa cikin ambaliya mai zurfi, abin da mazauna bakin Neja suka san ɓarnarsa ga kowace irin mota.

Wasu kuma suna ganin tunda ana haƙo lithiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, a yankin Libata na ƙaramar hukumar Ngaski, to batirin zai yi araha a Kebbi. Ma'adinin yana nan, amma tsakanin dutsen da aka loda a tirela da batirin mota akwai matakai na tacewa da haɗa sinadarai da ƙira, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin ake yin su, don haka arzikin da ke fita ɗanye yana dawowa da tsadar kayan waje, ga kuɗin fito, ga canjin dala.

Ba daidai ba ne kuma a ce Arewa ba ta da hannu a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana surar farko ta Chevrolet Volt a Amurka, kuma a zamanin shugabancinsa hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, Mustapha Gajibo kuma ya ƙera bas-bas na lantarki a Maiduguri. Waɗannan misalai suna nuna cewa abin da zai fara amfanar Yauri shi ne babur da Keke Napep da ƙaramar bas masu ɗan batirin da faifan sola zai iya cikawa, tare da makanikai da aka horar a kan wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 800, wadda taɓa ta ba sani kisa ne. Mai son salun ta alfarma yana da haƙƙin sha'awarsa, amma kafin ya tambayi gudunta ya kamata ya tambayi awa nawa wuta ke tsayawa a unguwarsu, kuma wannan tambaya ce da al'ummar da ta ba da ƙasarta domin Kainji ta cancanci a amsa mata.